Ƙarfen da Shanu Suka Kasa Cirewa

Kun tashi kun tarar ba ma zuwa gidan Baffanku Habu da Sallah, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ku ya gaya muku dalili. Na san kun ji a gari. Wasu sun ce muku na ci amanar ƙungiya, wasu sun ce na tsaya a gaban manya a Kano na tozarta yayana don a ba ni muƙami. Muƙamin dai har yau ban gan shi ba, in wani ya tsince shi a hanyar Kibiya ya taimaka ya kawo mini. Yanzu da furfura ta gama da kaina, shi kuma Yaya ya riga mu gidan gaskiya, ina so ku ji zancen daga bakina, ba ƙari ba ragi. Abin da na rasa a waccan shekarar ya fi duk abin da na taɓa samu a sana'a, domin ɗan'uwana na rasa, yana raye, yana gari ɗaya da kasuwar da nake ci.

Sai kun san waye Yaya Habu a wurina kafin ku gane nauyin abin. Ina ɗan ƙaramin yaro ɓarayi suka shigo gidanmu a Rano ta tagar ɗakin mahaifinmu, wadda katako ne kawai da ƙusa. Baba ya riƙe ɗaya daga cikinsu, ɗayan ya sauke masa taɓarya a ka. Ya yi jinya kaɗan Allah Ya karɓi abinsa. Yaya yana saurayi a lokacin, yana koyon walda. Shi ya ɗauke ni, ya ciyar da ni, ya kai ni makarantar koyon aikin lantarki, ya kuma tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena da Ummanku. Matarsa, Inna Talatu, tana amarya ta same ni a gidan da kirci a ƙafa, ita ta wanke ni ta shafa mini man kaɗe, tana tsokanata da maigida ƙarami. Shi Yaya ba mai yawan magana ba ne, amma duk wanda ya ga yadda yake kafa ƙarfen taga ya san akwai abin da ke cin ransa. Yakan zurfafa ƙafafun ƙarfen cikin bango, ya lanƙwasa bakinsu kamar ƙugiya, ya cika da siminti mai kauri, ya tsaya a kai har ya kama. Daga Rano zuwa Madachi, daga Dawaki zuwa Rurum, in mutum ya gina ɗakin bulo ba ya jin ya gama sai Yaya ya sa masa ƙarfe. Yana da kirari guda da yake yi wa aikinsa idan mai saye ya tsaya ciniki. Sai ya buga ƙarfen da tafin hannu ya ce:

"Wannan ƙarfen Habu ne. Ko shanun huɗa ka ɗaura masa ba za su cire shi ba."

Ni kuma sana'ata ta zama ta waya. Ina sa ƙararrawar ɓarawo a shaguna da rumbunan ajiye hatsi, ina sa ƙararrawar hayaƙi a makarantun kwana da injinan casar shinkafa, ina sayar da jajayen tukwanen kashe gobara ina sake cika su in sun ƙare. Bayan aurena na buɗe shago a Kibiya, muka zauna can. Aiki da yawa tare muke samu da Yaya, shi ya rufe gida da ƙarfe, ni in bi bayansa da waya. Muna da ƙungiya ta masu wannan harka a yankinmu, masu walda da masu ƙararrawa da masu tukwanen gobara, duk a inuwa ɗaya, kuma Yaya ne babba a ɓangaren masu walda. Da labari ya zo cewa majalisar dokokin jiha za ta duba wani ƙudiri a kan kariya daga gobara da tsaron gine-gine, sai aka ce dole a samu wanda zai riƙa bibiyarsa, kada a wayi gari an yanke mana hukunci ba mu sani ba. Aka zaɓe ni, saboda ina karanta Turanci kuma an san ba na gajiya da zaman benci. Yaya ne ya fara ɗaga hannu.

Bin ƙudirin doka aiki ne da ba wanda zai yi maka sannu a kansa, don ba a ganin gumi. Ka yi sammako ka shiga mota zuwa Kano, ka je ka tarar an ɗage zama saboda rasuwa. Wani zuwan ka zauna a benen 'yan kallo tun hantsi ana maganar hanya da asibiti, sai dab da tashi a karanta sunan ƙudirinka a wuce, shi ke nan an yi karatu na ɗaya. Na koyi gaida akawun kwamiti da tambayar lafiyar iyalinsa kafin in tambayi takarda. Na koyi cewa kwafin da ka karɓa kafin azumi ba lallai ya zama shi ne na bayan Sallah ba, sai ka ajiye su gefe da gefe ka bi layi-layi da yatsa ka ga abin da ya shiga da abin da ya fita. Na nemo irin dokokin da wasu jihohi suka yi na gwada da namu. A gida kuwa rediyo ba ya barin kunnena lokacin labaran majalisa, har Ummanku ta ce in da ƙudirin nan mace ce da tuni ta haɗa kayanta ta bar mana gidan. Duk ƙarshen wata nakan zo Rano, mu zauna a rumfar da ke gaban shagon Yaya, in fassara wa 'yan ƙungiya inda aka kwana da Hausar da kowa zai gane.

Yawancin ƙudirin daɗi ya yi mana. Ya ce makarantun kwana da kasuwanni da gidajen haya su sa ƙararrawar hayaƙi su ajiye tukwanen kashe gobara, wannan kuwa ai kasuwa ce ta buɗe. Amma akwai wani sashe guda da ya tayar da hankalin masu walda. Ya ce duk ɗakin da mutum ke kwana a irin waɗannan gine-gine, in an sa wa tagoginsa ƙarfe, dole a bar ɗaya da ake iya buɗewa daga ciki ba tare da mabuɗi ba, kuma mai waldar da ya rufe ɗaki ruf za a iya hana shi aiki. Ranar da na karanta musu wannan, rumfa ta kaure. Kowa na magana ba mai sauraron wani. Sai Yaya ya miƙe, aka yi tsit.

"Ƙarfen da ke buɗewa ba ƙarfe ba ne, ƙofa ce," in ji shi. "Abin da hannun mai gida ya buɗe daga ciki, hannun ɓarawo zai lalubo shi daga waje. Waɗanda suka rubuta wannan suna da masu gadi a ƙofar gidajensu. Mu ƙarfen nan ne mai gadinmu. Ni na ga abin da taga ke yi, ba labari aka ba ni ba."

Babu wanda bai san da mahaifinmu yake ba. Aka yanke shawara cewa ranar jin ra'ayin jama'a in tsaya da sunan ƙungiya in nemi a cire sashen. Na rubuta matsayar da hannuna, na karanta musu, suka amince. A ranar ban ga aibinta ba, don ni ma ɗan mutumin nan ne da aka shigo masa ta taga.

Ana cikin jiran a sa ranar ne, lokacin sanyi, rani ya kama, masu noman fadama sun duƙufa. Wata rana bayan azahar ina gyaran ƙararrawa a wani rumbu a wajen garin Kibiya, sai na hango hayaƙi baƙi ƙirin ya miƙe daga wata 'yar unguwar Fulani da suka daɗe da zama suna noma. Na ɗaure tukwanen gobara biyu da ke wurina a bayan babur na nufi can. Gidan Malam Buba ne, mutumin kirki da nake gani a kasuwa yana sayen taki. Ɗakunan gidan duk na ƙasa ne in ban da guda na bulo mai ƙofar ƙarfe, kuma kun san yadda muke yi, duk abin da ke da daraja can ake kai shi. Injin ban-ruwansa yana ciki da jarkar fetur a bayan ƙofa, domin a shekarar satar inji ta yi yawa, har da rana tsaka ana ɗauka. A ɗakin kuma aka kwantar da mahaifiyarsa, tsohuwa da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, saboda ya fi sauran ɗumi. Shi ya tafi kasuwar Rano, matarsa ta tafi tallan nono. Tsohuwar da kanta ta ce su sa kwaɗo ta waje, barci za ta yi, su bar mata kaskon garwashi kusa da ƙafarta. Yadda wutar ta kai ga jarkar, Allah ne masani.

Da na isa, ƙofar ta yi ja, ba mai iya matsawa kusa da ita. Na juye tukwanena biyu ta ƙarƙashinta, kamar na tofa yawu. Mutane duk sun koma bayan ɗakin, wajen taga. Gadon tsohuwar a ƙarƙashin tagar yake. Ba ta iya miƙewa, sai hannunta ɗaya da ta miƙo ta kama ƙarfen ƙasa, muna jin muryarta tana salati, tana kiran ɗanta da sunan da take kiransa tun yana goye. Wasu na dukan bango da diga, wani na goga zarto. Sai wani dattijo ya yi ihu a kawo shanu. Aka janyo shanun huɗa biyu manya, aka zarga sarƙa a ƙarfen, aka kore su. Suka ja har gwiwoyinsu suka taɓa ƙasa. Aka sake, aka doke su, suka ja har sarƙar ta tsinke. Ƙarfen ko motsi bai yi ba. Ina tsaye ina kallon lanƙwasar gindinsa da yadda aka cika simintin, na san hannun da ya yi shi kamar yadda na san hannuna. Kafin a fasa bangon, hannun tsohuwar ya saki ƙarfen.

Na bi jana'iza. Malam Buba bai zargi kowa ba, ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Amma ni tun daga ranar na kasa kallon takardar da na rubuta. Abinci ya fita raina. Ummanku ta ƙyale ni kwanaki, sannan wata safiya tana dama kunu ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Malam, in za ka yi abin da nake gani a idonka, ka fara zuwa wurin Yaya. Kada ya ji a bakin duniya. Shi ne ubanka."

Na ce, "In ya hana ni fa?"

Ta ce, "To sai ka san da wanne za ka iya kwana, fushinsa ko muryar tsohuwar nan. Ni ba zan zaɓa maka ba. Amma ka sani duk wanda ka ɗauka, mu ma da 'ya'yan nan shi za mu ɗauka."

Na same shi a shagonsa da ke jikin zauren gidansa yana yankan ƙarfe. Ya riga ya ji labarin gobarar, gari duk ya ɗauka, har da zancen shanun. Na lura ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da magana. Na gaya masa abin da na gani, ban ɓoye komai ba. Na ce zan karanta matsayar ƙungiya kamar yadda aka ba ni amana, ba zan rage harafi ba, amma bayan nan zan nemi izini in yi magana da bakina, in roƙi a bar sashen. Ya ɗauki wani guntun ƙarfe yana juya shi a hannu, ya ce:

"Ni na kashe ta ke nan, Ilu?"

"Yaya, ban ce ba, ba kuma zan taɓa cewa ba. Abin da aka saya a wurinka shi ka bayar, ka kuma yi shi da gaskiya. Amma na ji muryarta."

"Ni kuma na ji ta Baba," in ji shi. "Kai kana ƙarami, an ɗauke ka an kai ka maƙwabta. Ni na riƙe kansa. Duk ƙarfen da na kafa a ƙasar nan, tagarsa nake rufewa. Yanzu kai da na goya za ka je gaban hukuma ka ce aikina kabari ne?"

Na ce ba zan ambaci sunansa ba, ba zan ambaci garin ba.

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Wa ke da kirarin shanu a ƙasar Rano in ba ni ba? Je ka. Amma in ka faɗa, kada ka sake tako mini ƙofar gida."

Na fito. A zaure na haɗu da Inna Talatu, ta ji komai. Ba ta tsokane ni ba ranar, ta dai ce in bi a hankali, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na so in gaskata ta.

Ranar jin ra'ayin jama'a zauren ya cika. Ga jami'an kashe gobara, ga masu makarantu, ga 'yan kasuwa, ga mutanenmu sun cika mota guda daga Rano sun zauna a baya, Yaya a tsakiyarsu da farar hularsa. Da aka kira ƙungiyarmu na tashi na karanta matsayarmu tun daga farko har ƙarshe, da murya sosai, na kawo duk hujjar da suka ba ni, har na ƙara da bayanin yadda satar inji ke karya manomi. Wannan ina so ku riƙe shi da kyau, domin masu cewa na ci amana ba sa faɗarsa. Da na gama na miƙa takardar, sai na ce wa shugaban kwamitin, ranka ya daɗe, wancan saƙon waɗanda suka aiko ni ne, ina roƙon a ba ni dama in faɗi nawa ni kaɗai. Ya ba ni. Na ba su labarin tsohuwar. Na faɗi kwaɗon, na faɗi jarkar, na faɗi cewa ba ta iya tsayuwa, a kwance take a ƙarƙashin taga hannunta kawai ke kaiwa ƙarfen ƙasa. Na yi niyyar tsallake zancen shanun, amma wani ɗan kwamitin ya tambaya ko ba a yi ƙoƙarin ɓalle ƙarfen ba, ni kuwa ba zan yi ƙarya ba, na faɗa. Na ce ni mai sayar da ƙararrawa ne, amma ƙararrawa ba ta da amfani ga wanda ta tasa in ba shi da wurin fita. Na ce masu waldarmu gwanaye ne, wanda ya iya yin ƙarfen da shanu suka kasa cirewa zai iya yin sakatar da ɓarawo zai kasa lalubowa. Da na juyo zan zauna, kujerar Yaya babu kowa.

A taro na gaba aka sauke ni, aka naɗa wani. Ban yi gardama ba, suna da hakki, wakili ba ya magana biyu. Masu walda suka daina tura mini aiki, wasu ko amsa sallamata ba sa yi da kyau. Duk wannan mai sauƙi ne. Da Sallah ta zo na shirya ku muka je Rano kamar kullum. Ku aka shigar da ku ciki, ni aka bar ni a zaure, har la'asar bai fito ba. Na aika dattawa, na aika limamin unguwarsu. Amsarsa guda ce, bai riƙe ni da komai ba, amma ba ya son ganina. In mun haɗu a jana'iza yakan miƙo hannu, don shi mai tsoron Allah ne ba zai ƙi sallama ba, amma idonsa na wani wuri. Daga baya na ji ya daina yin ƙarfen taga gaba ɗaya, sai ƙofofi da garmar shanu, yana cewa idonsa ya yi rauni. Gari kuwa ya ce maganata ce ta kore masa masu saye. Wannan ya fi komai ci mini rai, har ni ma na daina zuwa, na daina kai ku, don na ga kamar ganinmu ƙara masa ciwo yake. Zumunci a ƙafa yake, mu kuwa muka naɗe tamu. Haka kuka girma ba ku san 'yan'uwanku ba sai a hanya.

Kuna iya tambaya, to dokar fa? Kwamiti ya bar sashen, ya miƙa rahotonsa. Amma kafin a kai ga karatu na ƙarshe lokacin zaɓe ya gabato, wa'adin majalisar ya ƙare, ƙudirin ya kwanta tare da sauran da ba a kammala ba. Ba laifin kowa ba ne, haka tsarin yake, sai dai a sake shi daga farko. Ranar da na ji a rediyo na fita na zauna a bakin shago. Na ba da yayana, ban karɓi komai ba. Duk da haka ban daina bibiya ba, ba wanda ya aike ni, ba wanda nake kai wa rahoto. Duk sanda aka ce an sake ɗauko zancen gobara a majalisa, sai kun gan ni na shiga motar Kano da 'yar jakata. Ummanku takan ce tsohuwar zuma ce ta tashi. Kuma ina gaya muku, da za a mayar da ni zauren majalisar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Sai dai ban taɓa kwana ban ji zafinsa ba.

Shekaru suka tafi. Da ciwonsa ya yi tsanani ba a gaya mini da wuri ba, na iso an riga an rufe masa fuska. Na shiga cikin masu wanka, ba wanda ya hana ni, na riƙe kansa kamar yadda ya ce ya riƙe na Baba. Bayan an yi addu'ar uku mutane sun ragu, sai Inna Talatu ta aiko a kira ni cikin gida. Rabona da shiga ɗakinta tun kafin ranar da ya kore ni. Na same ta a ɗakinta zaune a bakin gado cikin mayafin takaba, ta tsufa ƙwarai. Muka gaisa, muka yi kuka. Can ta share ido ta ce:

"Maigida ƙarami, zafi ya dame ni. Buɗe mini tagar nan."

Na tura ƙyauren katakon. Ta ce ba shi ba, ƙarfen. Na ce, "Yaya Talatu, ai ƙarfen Yaya ne, ba ya buɗuwa."

Ta ce, "Duba ƙasa, wajen matashina."

Na duba. Wani siririn ƙarfe ya sauko daga gindin tagar, ya bi jikin bango a cikin bututu, ya ƙare da 'yar zobe daidai kan katifa. Na sa yatsa na ja. Na ji sakata ta zame a cikin bango, ƙarfen tagar gaba ɗaya ya buɗe waje a hankali kamar ƙyaure, ko ƙara bai yi ba. Na leƙa ta waje na lalubi inda hannun ɓarawo zai kai, babu. Na yi shekara da shekaru ina faɗa wa mutane ana iya yin irin wannan, ban taɓa ganin wanda ya yi shi da kyau haka ba.

Na ce, "Yaushe ya yi wannan?"

Ta ce, "Da ya dawo daga Kano ɗin nan. Bai ci abinci ba, ya ɗauko kayan aikinsa ya fara da ɗakina, sannan na yara, ya bi gidan nan kaf. Ya yi ya kwance, ya yi ya kwance, har ya samu yadda yake so. Idonsa kuma lafiyarsa ƙalau har ya koma ga Allah. Masu saye ne ba sa son mai buɗewa, shi kuma ya rantse ba zai ƙara kafa rufaffe ba."

"Me ya sa bai gaya mini ba? Me ya sa ke ba ki gaya mini ba?"

"Ya haɗa ni da Allah kada in faɗa yana raye. Na ce masa, Malam, yaron nan fa yana can yana cin wuta. Ya ce ba fushi yake da kai ba. Ya ce in ya dube ka, hannun tsohuwar nan yake gani, ba zai iya ba." Ta nuna zoben. "Na tambaye shi don me ya sauko da shi har ƙasa haka, sai ka ce na yara. Ya ce Ilu ya ce ba ta iya tsayuwa."

Ashe bai fita daga zauren majalisar ba sai da ya ji. Ni ina Kibiya ina zaton na karya masa sana'a, shi yana Rano ya riga ya ba ni gaskiya da hannunsa, a cikin ɗakunan da ba na shiga. Tsakaninmu tafiyar da ba ta isa mutum ya ji ƙishirwa ba, muka bar ta har ƙasa ta rufe ɗayanmu. Wannan baƙin ciki da shi zan tafi kabarina.

Saboda haka ku je gidan nan. Kada ku jira Sallah, kada ku jira rasuwa. Ku gaida Innarku Talatu tun tana da rai, ku zauna da 'ya'yan Baffanku ku ci tuwo a kwano ɗaya, in an yi muku fuska ku koma washegari. Ku roƙe ta ta bar ku ku shiga ɗakin, kowannenku ya kwanta a kan gadon nan, ya miƙa hannu ba tare da ya tashi ba, ya ja zoben. Duk wanda ya sake ce muku Baffanku mutum ne mai taurin zuciya, ko ya ce ubanku ya ci amanarsa, kada ku yi musu da shi. Ku kawo shi ya ja da kansa.